Tukunyar Iya a Dajin Ba-Komowa

Kwana goma sha tara kacal Garzali ya yi a birnin Kano, ya dawo Kwarin Gawo da sunan Darakta. Waɗanda suka san cikin maganar sun ce lema ya riƙa riƙe wa wani ɗan wasa a wurin ɗaukar fim, in an tashi ya naɗe wayoyin lantarki, kuma an sallame shi ne don ya fi mai fim ɗin yawan ba da umarni. Shi kuwa cewa yake yi sun ga ya fi ƙarfinsu, hassada ta shiga. Abin da ya dawo da shi dai biyu ne: wata 'yar riga marar hannu mai aljihu goma sha biyu, duk wayam, da wani mazurarin gwangwani da yake kafawa a baki in zai yi magana, ko da wanda yake yi wa maganar yana zaune a gefensa. Ga shi dama Allah ya hore masa murya, irin wadda in ya yi sallama a ƙofar gida sai maƙwabta uku su amsa.

Kwarin Gawo ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, inda kowa yake cin abinci daga ruwan kanal. Yaron da bai iya ɗaura wando ba ma ya san ranar da ake sako ruwa a reshen garinsu. Garzali ne kaɗai bai sani ba, kuma da rashin sanin yake alfahari.

"Ni da laka mun raba gari," haka yake faɗa kullum, yana kaɗe takalminsa.

Da cika bakin ya tsaya a majalisa da ba komai. Amma Garzali yana son Sauda, 'yar Malam Sammani mai makarantar Islamiyya, so na gaske wanda ba ya cikin ƙaryarsa. Wata rana Malam ya sa aka kira shi zaure. Muryar Malam ta dushe, don sati biyu ke nan yana fama da tsuntsayen jan-baki a gonar shinkafarsa, ya ɗaura gwangwanaye, ya kafa mutum-mutumi, ya yi ihu har ya gaji, su kuwa sai ci suke yi.

"Garzali, na ji kana zuwa wurin Sauda, ban hana ba," in ji Malam. "Amma mu a gidan nan ba ma ba da 'ya ga aljihu, sai ga hannun da ke cika shi. Mece ce sana'arka?"

"Allah ya gafarta Malam, harkar fim."

"Ita wannan ana ganinta da ido?"

"Ai don a gani ake yin ta, Malam."

"Madalla. Zan turo ƙanena Amiru ya yi bincike kamar yadda aka saba. In ya dawo ya ce mini ya ga sana'a, ka turo magabatanka. In aka yanke shinkafa bai gani ba, ka ba wasu wuri."

Garzali ya fito a tsorace, amma kafin ya isa gindin mangwaron da majalisarsu take zama, tsoron ya riga ya koma cika baki. Ya hau benci ya kafa mazurari.

"Jama'a! Zan yi fim ɗin da ba a taɓa yi ba a ƙasar Kano! Sunansa Dajin Ba-Komowa. Wasu matafiya ne motarsu ta lalace a ƙungurmin daji, ba gida gaba ba gida baya. Ashe dajin na wasu mutane ne masu cin naman mutane. Suka bi su da farauta ɗaya bayan ɗaya, su kama, su dafa, su cinye har ɓargo. Wanda ya kalla bai gudu ba, ku canza mini suna!"

Aka nemi 'yan wasa, kowa ya ce yana da ban-ruwa. Da ƙyar aka sami mutum biyu. Hambali tela, siririn mutum da iska mai ƙarfi ke iya juya wa hanya, shi ya yarda ya zama matafiyi, don an ce masa fuskarsa za ta shiga duniya. Sai Uba ɗan dako, ƙato mai ɗaukar buhun shinkafa biyu a tashi ɗaya, wanda a garin ba wanda ya kai shi kunya da ladabi. Shi aka naɗa Sarkin Maciya.

Mai shayi ya ce, "Darakta, ka ce matafiya da yawa, ga shi mutum ɗaya."

"Sauran an cinye su kafin fim ya fara."

"To su maciyan fa? Uba kaɗai?"

"Sauran sun ƙoshi, suna barci. Kai dai zuba shayinka, fim ba aikinka ba ne."

Matsalar farko ita ce daji. Garzali ya zaga gabas da yamma, duk inda ya ɗaga wayarsa sai shinkafa, sai tumatir, sai wani da fartanya yana ɗaga masa hannu. A ƙarshe ya zaɓi bayan wata gonar masara mai duhu. Aka shafe Uba da toka da gawayi, aka ɗaura masa buhu da ganyen masara a ƙugu, aka ba shi lauje. Hambali ya rataya jaka.

"Akshin!"

Hambali ya zube a kan gwiwa ya ɗaga hannu sama. "Wayyo Allah! Na ɓata! Babu ɗan Adam ko ɗaya a dajin nan!"

Sai masara ta motsa, wani dattijo ya leƙo. "Hambali tela? Ɓata kuma da rana tsaka? Miƙe nan ka bi bakin kanal, ga hasumiyar masallaci can kana hange. Af, tunda na gan ka, ina ɗinkina?"

"Kat!" in ji Garzali. "Baba, fim muke yi!"

"To Allah ya taimaka. Amma yaron nan bai ɓata ba."

Aka sake. Wannan karon Uba ya fito daga cikin masara, ya tsaya a kan Hambali, ya ɗaga lauje. Daidai nan wani mai babur ɗauke da kwandunan tumatir ya rage gudu.

"Sannunku da aiki!"

Uba ya sauke lauje, ya rusuna. "Yauwa, sannu Alhaji. Ya kasuwa? Ya iyali? A gaida gida."

"Uba!" Garzali ya daka tsawa. "Maciyin mutane ba ya gaisuwa!"

"Haba Darakta, babba ya gaishe ka ka yi shiru? Ai ko mutum kake ci, ka amsa gaisuwa tukuna."

Aka ce to ya yi gurnani irin na mugun daji. Uba ya buɗe baki, abin da ya fito kamar kukan rago mai mura. Garzali ya ce bari ya nuna masa, ya kafa mazurari ya saki wata irin ƙara. Jakin da ke ɗaure a gindin gawo ya tsinke igiya ya yi gari, 'yan tsuntsayen da ke kan masara suka watse. Uba ya ce shi gaskiya ba zai iya wannan ba, da mutuncinsa.

Sai aka zo wurin cin nama. Garzali ya sayo dafaffiyar ƙafar saniya don ta zama ƙafar matafiyi. Uba ya zauna, ya wanke hannu, ya yi bisimilla. Yana ɗaga kai ya ga dattijon nan na ɗazu yana wucewa da fartanyarsa.

"Baba, bisimilla!"

Dattijo ya ajiye fartanya, ya tsuguna, ya sa hannu. Garzali ya ɗora hannu a ka.

"Baba, a fim ƙafar mutum ce fa wannan!"

Dattijo ya juya ta, ya duba. "To wannan mutumin kofato gare shi. Kuma gishiri ya yi kaɗan."

Ranar dai ba a ɗauki abin kirki ba, sai gaisuwa goma sha ɗaya da wani tsoho yana tsotsar ƙashi.

Kashegari Garzali ya gano abin da ya kira kyautar Allah. Can bayan gari akwai reshen kanal mai zurfi, ƙasansa a bushe, ciyawar kachalla ta yi tsayi ta rufe bakinsa hagu da dama. In ka sauka ciki ba ka ganin gona, ba ka ganin mutum, sai sama. Ya kira Uba da Hambali ya nuna musu.

"Ga Dajin Ba-Komowa! Ran Talata za mu ɗauki babban wurin, inda ake dafa matafiyi, a gaban Baffa Amiru. Na lura ran Talata kowa yana tsaye a gonarsa, ba mai yawo."

Uba ya sosa ƙeya. "Darakta, ai dalilin da ya sa kowa yake gonarsa ran Talata..."

"Kat! Wa ya yi kwana goma sha tara a Kano, ni ko kai?"

Hambali ma ya buɗe baki, Garzali ya ce in ya sake magana zai sa a cinye shi tun a farkon fim, fuskarsa ba za ta fito ba. Hambali ya haɗiye maganarsa.

Saura tukunya. A duk garin ba wadda mutum zai shiga sai ta Iya, kakar Garzali, wata ƙatuwar tukunyar dalma da take gumin shinkafa a ciki. Ya same ta a tsakar gida tana shanya.

"Amarya, tukunyarki na zo aro."

"Ji mijin banza, ko cefanen gishiri bai taɓa kawowa ba, sai aro. Me za ka dafa?"

"Hambali."

"Hambali tela? Ai wannan ko romo ba zai yi ba. A ina?"

"A busasshen kanal na bayan gari, ran Talata da hantsi."

Iya ta tsaya da shanyar, ta dube shi sama da ƙasa, sai ta fashe da dariya har ta dafa bango. "Ran Talata? A cikin kanal? Ɗauka, maigida, ɗauka! Amma ina da gumi ran Laraba. Ka kawo mini ita da kanka, kada ta riga ka isowa."

Garzali ya ce a ransa tsufa ya fara taɓa ta. Da zai fita ya hangi kwanon markaɗe ja wur a bakin murhu, ya ce ga jini ya samu a ɓagas, ya sunkuce ba tare da ya tambaya ba.

Da la'asar ya je wurin Sauda a ƙofar gidansu, ya zayyana mata shirin. Fuskarta ta canza.

"Garzali, ka saurare ni da kyau. Ran Talata ake..."

"Sauda, ke kin san karatu, ni na san fim. Kowa ya tsaya a fagensa."

"Ni fa ba darakta nake nema ba. Ko me kake yi, in dai aiki ne da Baffa zai gani ya gaya wa Malam, ya ishe ni. Ba na so a ce ka ba wasu wuri."

Ta faɗi wannan a hankali, idonta a ƙasa, kuma da Garzali mai saurare ne da ya ji daɗinta har kwana uku. Amma shi a lokacin yana lissafin ta inda hayaƙi zai fi kyau a hoto.

"Kada ki damu, ran Talata Baffa da kansa zai gudu."

Sauda ta ja numfashi, ta gyara mayafi. "To Allah ya kai mu. Ka dai zo da wando na biyu."

Talata da hantsi aka sauka cikin kanal da tukunya, aka ɗora ta a kan duwatsu uku, aka cusa ɗanyen ƙaiƙayi a ƙarƙashi don hayaƙi. Baffa Amiru ya iso a kan kekensa, dattijo mai ƙarancin magana, da carbi a hannu. Garzali ya ajiye masa kujerar roba a cikin kanal, kusa da tukunya.

Baffa ya dubi ƙasan kanal, ya dubi rana. "Yaro, yau wace rana?"

"Ranar tarihi, Baffa."

"Na ce yau Talata, ko?"

"Baffa, don Allah shiru, za a fara ɗauka."

Baffa ya ɗauki kujerarsa ya hau can saman gaɓa, ya zauna, ya ci gaba da jan carbi. An aiko shi ya gani ne, ba ya hana ba.

Aka ɗaure hannuwan Hambali da igiya, Uba ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya saka a tukunya yana ba shi haƙuri. Garzali ya kamfaci markaɗe ya shafa masa a goshi, a kumatu, har wuya. Abin da bai sani ba shi ne Iya ba ta markaɗa tumatir sai da attaruhu, kuma hannunta yana da nauyi.

"Akshin!"

Markaɗe na gangarowa idon Hambali, sai ya ƙwalla ihu tun daga cikin hanjinsa. "Wayyo idona! Wayyo na mutu! Garzali, Allah ya isa! Ku fitar da ni!"

"Haka nake so!" Garzali ya matso da waya, yana rawar jiki. "Baffa, ka ga gwaninta? Ni na koya masa! Hambali, cire sunana kawai, ci gaba! Uba, zaga tukunya, lashi baki!"

Uba ya fara zagawa, amma kunnensa na can wani wuri. Daga nesa ana jin wani sauti, shuuu, kamar ana zazzage buhun gero. Busassun ganyaye suka fara gangarowa, kwaɗi na tsalle a gabansu. Hambali idonsa a rufe saboda yaji, Garzali ya ba wajen baya, idonsa a kan waya. Uba ya tsaya, ya rusuna da ladabi.

"Darakta, ka yi haƙuri, na so in gaya maka. Ran Talata ake sako ruwa."

Kafin Garzali ya juya, ruwa ya doke shi a bayan gwiwa. Wayar ta yi sama, ta dawo, ta ce tsulum, ba a sake ganinta ba. Hayaƙi ya mutu. Ruwa ya kai cinya, ya kai ƙugu. Tukunyar Iya ta yi rangaji sau biyu a kan duwatsu, ta ɗaga, ta juya a hankali, ta kama hanya da Hambali a ciki.

"Me ke faruwa? Wa ke tura ni?" Hambali yana ihu. "Uba, ina za ka kai ni?"

Garzali ya rarrafa ya fito gaɓa, aljihu goma sha biyu duk cike da ruwa, karo na farko da suka ɗauki wani abu. Mazurari dai na rataye a wuyansa. Ya kafa shi a baki ya bi tukunya da gudu.

"Kat! Kat! Na ce kat! Ku tsayar da tukunya!"

Ruwa bai san darakta ba. Tukunya ta fita daga cikin kachalla ta shiga fili, inda manoman garin kaf suke tsaye a bakin gonakinsu suna jiran ruwa, kamar yadda Garzali ya lura. Suka ga tukunyar gumi tana tafe tana juyi, kan Hambali ja wur a samanta, Darakta na bi yana tsiyaya, bayansa Uba da toka da buhu da lauje, can baya kuma Baffa Amiru a kan keke yana tuƙi a natse. Ba wanda ya gudu. Wasu ma zama suka yi don dariya ta hana su tsayuwa.

"Hambali, sai ina?"

"Allah ya kiyaye hanya! In ka isa Bunkure ka gaida mutane!"

Dattijon nan da ya ci ƙafar saniya ya ɗaga fartanya. "Yanzu kam ya ɓata! Hambali, ɗinkina fa?"

Uba yana gudu yana amsa gaisuwa hagu da dama, "Yauwa, sannunku, ya ruwa?" Samari suka zaro wayoyi suna ɗauka. Da aka zo 'yar gadar shiga gari, mata sun fito da kayan wanki tunda ruwa ya zo, Iya na cikinsu, Sauda ma tana nan. Iya ta kama ƙugu ta leƙa ƙasa, tukunyarta ta wuce ta ƙarƙashin ƙafarta.

"Maigida! Ban ce maka kada ta riga ka isowa ba?"

Mata suka sa guɗa. Garzali ya ga Sauda ta rufe fuska da mayafi, bai sani ba ko kuka take yi ko dariya. Ya ƙara wuta, ya ƙara murya, yanzu ba ma kalma yake faɗa ba, ƙara ce kawai take fita ta mazurari.

A ƙasan gari akwai ƙofar ƙarfe da ke raba ruwa, daidai gonar Malam Sammani. Nan tukunya ta je ta daki ƙarfe, ƙwam, ta tsaya. Garzali ya zo da gudunsa zai yi tsalle ya kama ta, santsi ya kwashe shi, ya saki ƙara ta ƙarshe wadda ta fi duk na baya, ya tafi da fuska cikin gonar shinkafa. Lakar da suka raba gari ta karɓe shi hannu bibbiyu.

A daidai lokacin gonar ta yi wani irin motsi. Jan-baki dubbai da suka yi sati biyu suna cin shinkafar Malam ba kunya ba tsoro, suka tashi gaba ɗaya, suka rufe rana na ɗan lokaci, suka yi gabas. Malam Sammani na tsaye a tsakiyar gona da gwangwani a hannu, baki buɗe, yana bin su da kallo.

Uba ya fito da Hambali, aka kwance shi, aka wanke masa ido, ya zauna yana rantsuwa ko hoton katin zaɓe ba zai sake tsayawa a ɗauke shi ba. Aka zaro Garzali daga laka, ba abin da ake gani a fuskarsa sai ido. Kafin nan gari ya taru, mata ma sun biyo daga gada sun tsaya daga gefe. Baffa Amiru ya jingine keke, ya gaida yayansa.

"To Amiru," in ji Malam, "an aike ka bincike. Me ka gani?"

"Yaya, zan faɗi tsakanina da Allah. Fim dai ban gani ba, yana ƙarƙashin ruwa. Daji ban gani ba. An ce za a ci mutum, ba a ci ba, an dai yi masa miya. An ce kowa zai gudu, na duba tun daga bayan gari har nan, ko akuya ba ta gudu ba."

Jama'a suka kwashe da dariya. Garzali ya sunkuyar da kai. Ya san Sauda ta kuɓuce masa, kuma shi ya saki da hannunsa.

"Sai dai," Baffa ya ci gaba, ya nuna sama da carbinsa, "waɗancan sun gudu."

Malam ya dubi gonarsa, zangarniya na kaɗawa, ba tsuntsu ko ɗaya. Ya dubi gwangwanin hannunsa ya jefar.

"Garzali, sati biyu ina wannan aiki, muryata ta tafi, ba su ko ɗaga kai ba. Kai ka yi sau ɗaya. Saura sati uku a yanke shinkafa, kuma duk mai gona a layin nan zai ba ka rabo daga amfaninsa in ka tsare masa. Ko ba haka ba, jama'a?"

"Haka ne, Malam! Ya fara da tawa!"

"Sana'a dai sana'a ce, ba a raina ta," in ji Malam. "Amma ni ba na ba da 'ya ga wanda yake jin kunyar abin da yake ci da shi. Na tambaye ka a zaure, yanzu zan sake tambayarka a gaban mutane. Mece ce sana'arka?"

Garzali ya buɗe baki, kalmar Darakta ta zo har kan harshensa ta tsaya. Ya dubi 'yan majalisa, mai shayi har ya fara murmushi. Ya dubi wajen mata. Sauda ta sauke mayafi daga fuskarta, ba dariya take yi ba, kallonsa kawai take yi tana jira.

Ya haɗiye yawu da ɗan laka. "Korar tsuntsu," ya faɗa can ƙasa-ƙasa.

Malam ya kara hannu a kunne. "Ƙarar gwangwani ta taɓa mini kunne. Me ka ce?"

"Korar tsuntsu, Malam."

"Amiru, kai ka ji?"

"Ban ji ba, Yaya."

Iya ta ɗaga murya daga cikin mata. "Maigida, ina muryar da kake hana mu barcin rana da ita?"

A lokacin wasu 'yan jan-baki masu ƙarfin hali sun fara dawowa, suna sauka ɗaya-ɗaya a ƙarshen gonar. Garzali ya sake duban Sauda. Ya zazzage lakar da ke cikin mazurari, ya kafa shi a baki, ya cika ƙirji.

"NI GARZALI, MAI KORAR TSUNTSU NE!"

Fir! Tsuntsayen suka sake tashi, har da na gonar maƙwabci.

Malam Sammani ya gyaɗa kai, ya juya wajen ƙanensa. "Ka gani ko, Amiru? Har ya kama aiki. Ka gaya wa magabatansa ina jiransu ran Juma'a."